Wandon da Almakashi Ta Ƙi Ɗinkewa

A layin masu ɗinki, shago na ƙarshe kafin kwalbati, akwai wata mata da ake kira Almakashi. Kada ku ce don sana'arta ne. Kowa a layin nan yana da almakashi, amma ita kaɗai ce mai guda biyu, ɗaya a hannu ɗaya a baki, kuma na bakin ya fi kaifi. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, tef ɗin awo a wuya tun safe har tashi, allurai a soke a gefen ɗankwali. Idan mace ta kawo yadi ta ce a yanka mata da awon bara, sai ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaye ta ko jikin baran ma ta taho da shi a jaka. Ana jin haushi, ana kuma dawowa, domin ɗinkinta bai taɓa cin amanar kowa a cikin taro ba.

A hannun goggonta ta koyi aikin, wata tsohuwa mai buga yatsun ɗaliba da sandar awo idan layi ya karkace. Da ta isa aure, maza masu baki da kuzari suka zo suka gwada, kowa ya tafi da raunin da ya samu. Wanda ya rage shi ne wani dogon mutum mai gyaran agogo a bakin tasha, wanda duk gari ke kira Anjima. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana daidaita wa jama'a lokaci, shi kuwa bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. A kira shi cin abinci, anjima. A ce rufi yana yoyo, anjima. Dangi suka ce auren nan ba zai ga damina ba. Sai ga shi sun yi furfura tare, ita tana yanka, shi yana murmushi. Ta sha faɗa wa mata cewa masifa da shi kamar dukan katifa ne, hannunka ne kawai zai gaji.

To, Anjima yana da wani wando ruwan toka da ya fi so. Wata rana ƙusar benci ta kama shi ta baya, ta tsarge shi tun daga mazauni har tsakiyar cinya. Ya ce ta taimaka ta ɗinke masa. Ta ce gabanta cike yake da aikin mutane, ya bi layi. Da ta samu sarari ta ce ya cire ya ba ta, sai ya ce anjima. Haka suka yi ta jefa wa juna wandon nan, shi yana rufe yagar da doguwar riga, ita tana cewa ranar da iska ta tona masa asiri kada ya kuskura ya ce ya san ta.

Ba iska ce ta tona ba, ruwa ne. Wata safiya aka tashi da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kwalbati ta toshe, kafin a farga ruwa ya cika layin shaguna ya fara shiga gidaje. Aka ɗora matan layin a bayan wata babbar mota. Almakashi tana hawa ta tuna da kekenta na ɗinki, baƙin ƙarfen da goggo ta bar mata, ta ƙwalla kira. Anjima yana tsaye a ƙasa da akwatin agogunansa a hammata. Tun da ta san shi, ran nan ne kaɗai bai ce anjima ba. Ya ɗora akwatin a kan wata katanga, ya naɗe rigarsa ya ɗaure a ƙugu, ya faɗa ruwa. Ya fito da kan keken a bisa kansa. Katangar kuwa ta tafi da agogunan.

Bai mutu a ruwan ba, kada ku fara jan majina. Ya rayu bayan nan, ya koma gyara da aron kayan aiki, har tari ya kwantar da shi a gadonsa, ya tafi a hankali kamar yadda yake yin komai. Hotonsa ɗaya ya bar mata, na katin shaida, inda ya zazzaro ido kamar wanda aka kama da akuyar maƙwabta.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana maƙwabciyar shagonta, wadda ake kira Mai Surfani, ta leƙo da wayarta a hannu da fuskar jimami, irin jimamin da haƙora suke leƙowa ta ƙarƙashinsa. Ta ce an buɗe baje kolin hotunan ambaliya a zauren ɗakin karatu, hotunan da wata 'yar jarida ta ɗauka a lokacin, kuma ita dai ba ta so ta zama mai kawo labari, amma gara a ji daga bakin na gida. Ta miƙa mata wayar. Ga Anjima ta baya, ruwa zuwa gwiwa, keke a ka, yaga a buɗe kamar taga. Mai Surfani ta ƙara da cewa mutane ne da neman magana, wai har ana tambaya ko mutumin nan ba shi da tela a unguwarsu.

Almakashi ta mayar mata da wayarta. Ta rufe shago da rana tsaka, ta nufi ɗakin karatu da niyyar a sauke hoton nan ko ta sauke shi da hannunta.

Zauren dogo ne, fari fat, ga sanyin na'ura. Abin da ya fara ba ta haushi shi ne tafiyar mutane. Kowa yana ɗaga ƙafa a hankali, hannu a baya, kai a langaɓe, ana magana ƙasa-ƙasa kamar an shigo duba mara lafiya. Wani mai tabarau ya tsaya gaban hoto yana gyaɗa kai, ya ja baya, ya matso, ya sake gyaɗawa. Wasu 'yan mata suka share hawaye, suka duba fuskarsu a waya ko kwalli ya zuba. A ranta ta ce, ranar da ruwan ya zo ina kuke da wannan tausayin, da ko bokiti kun miƙo.

Tana cikin wannan tsaki sai hotunan suka fara kama ta ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sun nemi izini ba. Katifa a saman bishiya. Takalmin yaro ƙafa ɗaya a maƙale a wayar shinge. Wata ƙofa mai koren fenti a kwance cikin laka, da kwaɗonta a kulle, tana tsaron gidan da babu shi. Ta san ƙofar nan, ta sha ƙwanƙwasa ta in ta kai ɗinki. Sai ta ji warin lakar ya dawo mata hanci, a cikin zauren da babu abin da yake yi sai ƙamshin turare. Ta duba ƙafafunta, ashe ita ma ta fara irin tafiyar da take zagi.

A bangon ƙarshe ta same shi. A waya ɗan mitsitsi ne, yagar ce kawai take ihu. A nan kuwa tsawonsa ya kai ƙofa. Ga jijiyoyin wuyansa sun miƙe saboda nauyin ƙarfe. Ga yatsun nan masu kama ƙusar agogo da ido ba ya gani, sun riƙe keken kamar jariri. Ya waiwayo ta kafaɗa, baki a buɗe, wushiryarsa a waje. Masu kallo suna ɗauka kururuwa yake yi. Ita ta san dariya ce, domin ita ya waiwayo yana yi wa magana, kuma har yau tana jin abin da ya ce: "Kin ga amfanin yagar ko? Ruwa yana shiga yana fita." Ta nemi abin dafawa, babu, sai ta kama tef ɗin wuyanta da hannu biyu.

Akwai wata mata a gefenta, siririya, cikin mayafi da ya sha wanki. Ba ta kuka. Ba tare da ta juyo ba ta ce ita kullum sai ta zo, ta ratsa sauran da ido a ƙasa, ta tsaya a nan. Ta ce takalmin can da ke maƙale a waya irin na ɗanta ne, ba ta san ko nasa ba ne, ba ta kuma so ta sani.

"Duk sauran suna nuna abin da ruwa ya ci," in ji ta. "Wannan kaɗai ne aka ƙwace masa a baki. Kuma ki dubi wandon. Da mai kyau ne da ban yarda da shi ba."

Almakashi ta mai da idonta kan hoton. Sai ta sunkuya ta karanta rubutun da ke ƙarƙashin hoton: Wani mutum yana ceton abin sana'arsa. Nan take jininta ya dawo daidai. Ta tambayi mai gadi ina wadda ta yi wannan ɓarnar. Aka kira mai hoton, wata mata mai gajeren gashi da jaka a kafaɗa, ta zo da fuskar wadda ta saba ba da haƙuri. Almakashi ta sanar da ita cewa mutumin nan ko zare bai iya sa wa allura ba, abin sana'arsa yana can ƙasan kogi yana gaya wa kifi lokaci, wannan na matarsa ne, kuma ga matar a tsaye. Mai hoton ta riƙe baki. Ta ce shekara da shekaru tana neman wanda ya san shi, ta tambaya a ladabce ko Mama tana so a sauke. Almakashi ta ce wa ya yi maganar saukewa, rubutu za a gyara. Aka gyara: Mai gyaran agogo yana ceton keken matarsa.

Daga ranar ta mai da zauren wurin hirar la'asar. Takan tsaya gefen hoton tana gadin masu kuka. Idan ta ga wata ta ciro hankici sai ta ce, 'yata, adana hawayenki, akwai masu buƙatarsa a bangon can, wannan dariya yake yi. Ta ba su labarin ƙusar benci da na anjima. Sai ka ji dariya ta fashe a ƙarshen zaure, mai gadi ya leƙo a tsorace. Abin mamaki, waɗanda suka yi dariyar su ne suke komawa gaban koren ƙofar nan su daɗe, su fita shiru, ba tare da sun duba kwalli a waya ba.

Ana nan sai labari ya kai kunnen yayan mijinta. Tsohon ma'aikacin ofis ne, ana ce masa Sitaci, amma a bayan ido, domin rigarsa takan shiga ɗaki kafin shi ta kuma tsaya da kanta in ya cire. Shi ne babba a gidan, kuma a sashen gidan nasu Almakashi take zaune tun aurenta. Duk kaifin bakinta, shi kaɗai ne ba ta taɓa yanka ba. In ya yi magana takan sunkuyar da kai ta ce to, Yaya, sannan ta je ta huce a kan yadin mutane.

Wani abokin zamansa ne ya nuna masa hoton a waya yana ƙunshe dariya. Sitaci bai shiga zauren ba. Ofishin ɗakin karatu ya wuce kai tsaye, ya ce shi ne shugaban iyalin mamacin, kuma ba a haife su don a rataye tsiraicinsu a bango 'yan makaranta suna nunawa da yatsa ba. Mai hoton ta shiga tsaka mai wuya, domin ƙa'idarta ce ba ta barin hoton da iyalin mai shi suka ƙi. Ga matar mamacin ta ce a bari, ga yayansa ya ce a sauke. Shugaban ɗakin karatu, mutum mai son kowa ya tafi da fara'a, ya kawo shawarar a rufe hoton daga ƙugu zuwa ƙasa da ƙyalle.

Da yamma Sitaci ya tsaya a ƙofar shagonta, bai shiga ba don kada zare ya manne masa. Ya miƙa mata baƙin yadi, ya ce ta kalmashe bakinsa, gobe za a rufe abin kunyar da ta kasa rufewa tun mai shi yana da rai. Ya ƙara da cewa yana jin har zuwa take yi tana ba da labari kamar mai tallar magani, to ta tuna a ƙarƙashin rufin wa take kwana. Duk kekunan layin suka tsaya. Mai Surfani har ta soke yatsa saboda kasa kunne.

Almakashi ta karɓa da hannu biyu. Ta ce to, Yaya. Ta kalmashe shi tsaf, layi a miƙe kamar goggo tana tsaye da sandarta, ta goge, ta ninke. Abu ɗaya ta roƙa, cewa tunda shi ne babba, shi ya kamata ya liƙa da hannunsa.

Washegari suka shiga zauren, shi a gaba yana ƙarar sitaci, ita a baya da ƙyalle, mai hoton da shugaban ɗakin karatu suna biye. Akwai mutane, har da matar nan mai mayafi a wurin da ta saba tsayawa. Sitaci ya ratsa hotunan bai dubi ko ɗaya ba. Da ya iso bangon ƙarshe ya miƙo hannu a ba shi ƙyallen, idonsa a kan takalminsa. Ba ta ba shi ba.

"Yaya, ɗaga kai ka dube shi tukuna. Ba a yi wa mutum sutura ba a ga fuskarsa ba."

"Ba ni abin nan mu tafi, ke. Ba surutu na zo ji ba."

"Zan ba ka. Amma ka sani, ni ban yarda ba, kuma a gaban mutane nake faɗa. Wandon nan laifina ne da nasa, mu biyu, babu na uku. Ban ɗinke shi yana raye ba, ba zan ɗinke shi yana kabari don abokan hirarka su daina dariya ba. Ranar nan masu wando lafiyayye suna kan tudu suna nuna ruwa da yatsa. Mai yagaggen ne ya shiga."

Ya ce mata ta iya bakinta. Ta ce ta iya shi shekara da shekaru a gabansa, yau dai ya kuɓuce. Game da rufi kuwa, ta ce in yana son sashensa ya faɗa, ƙarfen da ƙanensa ya ɗauko a ka yana nan yana aiki, zai saya mata wani rufin. Sannan ta ɗora masa ƙyallen a tafin hannu, da allurai huɗu daga ɗankwalinta, ta ja baya.

Dole ya matsa, dole ya ɗaga kai, domin ba a liƙa abu da ido a ƙasa. Ya buɗe ƙyallen, ya kai shi daidai ƙugun hoton. A nan hannunsa ya tsaya. Ta cikin yagar, a bayan cinyar, akwai wani dogon tabo mai lanƙwasa wanda waya ba ta nunawa. Almakashi ta san tabon, ta kuma san labarinsa, Anjima ya sha ba ta yana dariya. Suna yara Yaya ya goya shi a keken babansu da suka sata, suka faɗa kan wayar shinge, Yaya ya yage rigarsa ta makaranta ya ɗaure masa, ya goyo shi har gida yana kuka fiye da mai ciwon, ya kuma sha dukan shi kaɗai.

Ba ta tuna masa ba. Harshenta ya yi ƙaiƙayi, amma ta danne shi, kuma wannan shi ne aiki mafi wuya da ta yi a rayuwarta. Sitaci ya daɗe a tsaye, hannu a sama. Daga tabon idonsa ya hau zuwa wuyan, zuwa wushiryar. Wata allura ta faɗi ƙasa, kowa ya ji ƙararta. Sai ya ninke ƙyallen, ba daidai ba, shi da ko hankici ba ya ninkewa a karkace, ya ajiye a kan kujerar mai gadi. Ya ce wa shugaban ɗakin karatu sanyin na'urarsu ya yi yawa, yana sa wa mutum ruwan ido, ya kamata a rage. Ya fita.

Kada ku ɗauka ya sauko. Bai ba ta haƙuri ba, bai ce ta yi daidai ba, ya ma daina amsa gaisuwarta. Ita kuwa kowace safiya sai ta tsaya a ƙofar sashensa ta gaishe shi da murya har maƙwabta su ji, ta tambayi lafiyar idon da sanyi ya taɓa. Maganar rufi dai bai sake tayar da ita ba. Hoton ya zauna a bango yadda aka ɗauke shi har ranar da aka rufe baje kolin. Ƙyallen nan mai kyakkyawar kalmasa ya koma tsumman goge man keke.

Da aka tashi kwashe hotuna, mai hoton ta sa aka kawo mata nata har shago. Mai Surfani ta ba da shawarar a jingine shi a ciki, fuska ga bango, saboda kasuwa. Almakashi ta gode mata, ta sa aka kafa shi saitin ƙofa, inda duk mai wucewa ta kwalbati zai gani, daidai saman keken da yake ɗauke da shi. Matar nan mai mayafi takan biyo wani lokaci, ta zauna a benci, ba ta kawo ɗinki ba, ba a kuma tambayarta.

Har yau baƙon da ya shigo da yadi yakan tsaya ya kalli hoton, ya kalli keken, ya sake kallon hoton. Masu kunya su yi shiru. Marasa kunya, waɗanda ta fi so, sukan ce, Mama, ke da kike tela, yaushe za a ɗinke wa bawan Allah nan wandonsa? Ba ta ko ɗaga kai daga kan allura. Takan ce anjima, sannan ta ce ya ɗaga hannu ta auna shi, kuma kada ya shanye tumbi, tef ba ya karɓar ƙarya.